Yamai ko Tawa: ina matashi zai fara aiki?

An ba ni aiki biyu, na Yamai ya fi albashi. Ba shi ke nan ba?

A'a, ƙanena. Abin dubawa shi ne jika nawa za su rage a aljihunka ran 25 ga wata. Tun Janairun 2024 albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne, wato sefa dubu 42, a Yamai da Tawa duka, amma abin da jika ɗaya ke saye a garuruwan biyu ba ɗaya ba ne. Ɗauki takarda ka rubuta haya, wuta, ruwa, cefane da kuɗin zuwa aiki na kowane gari, sannan ka yanke shawara.

Me ya fi cin kuɗi a Yamai?

Haya, sai sufuri, kuma su biyun a ɗaure suke da igiya guda. Ma'aikatu da bankuna sun taru a Filato da tsakiyar gari, inda ɗaki ya fi ƙarfin sabon ma'aikaci. Sai ka gangara Talaje, ko ka haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, can wajen Jami'ar Abdou Moumouni, ka samu mai sauƙi. To abin da ka rage a haya, taksi da faba-faba, ƙananan motocin bas na haya, za su karɓe shi safe da yamma, wani lokaci sai ka shiga mota biyu kafin ka isa. Ga masu gida da yawa na neman kuɗin wata biyu ko uku tun ba ka shimfiɗa tabarma ba, alhali albashin farko bai zo ba. Nan ne na ga yara masu hankali sun fara rayuwar aiki da bashi, abin yana ci mini rai. Kada ka manta da takardar kuɗin wuta ta kamfanin NIGELEC ta Afrilu da Mayu, lokacin da fanka ba ta hutawa dare da rana.

A Tawa fa?

Garin a tattare yake, kabu-kabu ɗaya ya kai ka ko'ina, haya kuma da dama-dama.

Ke nan Tawa ta fi?

Ba ga kowa ba. In kai ɗan Adar ne, wato yankin Tawa, zama kusa da gida yana da nasa kuɗi: suna, biki, jana'iza, ƙanen da za a turo maka ya yi karatu a Jami'ar Djibo Hamani. Ba ka cewa ba ka nan. Wanda ke Yamai yakan aika abin da ya sawwaƙa ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, sai dai shi ma zuwa Sallah tafiya ce ta fiye da kilomita 500, ta Doso da Ƙonni.

Yaushe tsadar Yamai ta cancanci a jure ta?

In sana'arka can kaɗai take girma, kamar aikin banki, na kamfanonin waya ko na kwamfuta. Shekara biyu kana raba ɗaki da aboki, kana koyo wurin waɗanda suka iya, ba asara ba ce. Amma malamin makaranta ko ma'aikacin jinya na gwamnati, wanda matsayinsa ke yanke albashinsa ba garin da yake ba, ni dai Tawa zan ce ya fara, ya tara kuɗin babur tukuna.