check_graphite

check_graphite suna ne na wasu ƙananan manhajoji da ake jona wa Nagios ko Icinga, manhajojin sa ido kan lafiyar kwamfutoci, domin su riƙa duba alƙaluman da manhajar Graphite ke tarawa, wato awon da ake ɗauka lokaci bayan lokaci, kamar nauyin aikin da ke kan sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) a kowane minti. Mutane daban-daban sun rubuta nasu, wasu da harshen rubuta manhaja na Python, wasu da na Ruby.

Tarihi

Ethan Galstad ya fitar da Nagios a 1999 da sunan NetSaint, aka sauya masa suna a 2002 saboda batun haƙƙin mallakar sunan. Nagios ba ya duba komai da kansa. Ƙaramar manhaja yake aika ta dubo, ta dawo masa da lamba guda: 0 lafiya lau, 1 gargaɗi, 2 matsala mai tsanani, 3 ba a gano halin da ake ciki ba. Sauƙin wannan ƙa'ida ne ya sa kowa ke iya rubuta tasa.

Graphite kuwa Chris Davis ne ya fara shi a kamfanin Orbitz na Amurka wajajen 2006, aka buɗe shi ga kowa a 2008. Ya ƙware wajen adana alƙaluma da zana su, amma ba ya sanar da kowa idan abu ya lalace. Wannan giɓin check_graphite ta zo cikewa.

A 2009 Icinga ya ɓalle daga Nagios, a 2014 kuma masu kula da ƙananan manhajojin Nagios suka rabu biyu bayan saɓani.

Girkawa

Ana ajiye fayil ɗin check_graphite a /usr/lib/nagios/plugins ko /usr/local/nagios/libexec, a ba shi izinin aiki.

Saiti

A fayil ɗin saitin Nagios mai suna commands.cfg ake bayyana umarnin: adireshin Graphite, sunan awon, tsawon lokacin da za a waiwaya, misali minti 10, sai iyakar gargaɗi da ta tsanani, galibi da -w da -c. Manhajar tana neman alƙaluman ta /render, wato hanyar da Graphite ke miƙa su, ta gwada su da iyakokin. Kafin a sake tayar da Nagios ana tantance saitin da nagios -v.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne awon ƙarshe, wanda kan zo fanko saboda bai kai ga shiga ma'ajiya ba. Shi ya sa ya fi dacewa a ɗauki matsakaicin 'yan mintuna, kuma idan alƙaluma suka daina zuwa gaba ɗaya a sa manhajar ta dawo da 3, kada shirun ya wuce a matsayin lafiya.