Ɗaukar Hoton Dabbobin Kiwo a Zamfara

Ɗaukar hoton dabbobin kiwo wata dabara ce ta nuna sa, rago ko akuya ga mai saye da ke nesa, ko ta ajiye shaidar mallaka. A jihar Zamfara akasari dillalai da masu kiwon turke ne ke yin ta da wayar salula.

Tarihi

A da, ciniki sai an je kara. Mai saye kan zagaya dabba, ya taɓa tozo, ya buɗe baki ya ƙirga haƙora, sannan dillali ya shiga tsakani. Haka ake yi a kasuwannin mako irin na Shinkafi, Talatar Mafara da Kasuwar Daji. Hoton dabba a lokacin na tarihi ne kawai: mai hoto ya zo gida da Babbar Salla, a tsayar da yara kusa da ragon layya, a jira kwanaki kafin a wanko.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, amma tura hoton dabba don ciniki bai yaɗu ba sai da wayoyi masu kyamara da WhatsApp suka yi yawa, wataƙila a tsakiyar shekarun 2010. Satar shanu ta ƙara wa abin muhimmanci, domin hoton da ya fito da tambarin da ke jikin saniya ko yankan kunnenta yana taimakon mai ita idan an tsinto ta a wata kasuwa. Tsakanin ƙarshen Agusta da farkon Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya, lamarin da ya tsayar da ciniki ta hanyoyin biyu lokaci guda.

Yadda ake ɗauka

Ana ɗaukar dabba ta gefe, ƙafafu huɗu a bayyane, mai ɗauka ya tsuguna daidai kafaɗarta. In aka matsa kusa ta gaba, kai kan yi girma jiki ya tsuke. Hasken safe ko na la'asar ya fi, don ranar tsaka kan wanke farin ragon Balami ko san Bunaji har a kasa ganin tsoka. Ragon Uda, mai duhun gaba da farin baya, shi ne mafi wuya: in gaban ya fito, bayan ya ƙone. San Rahaji kuwa sai an ja baya kafin ƙahonsa ya shiga. Hazon hunturu yana dusashe launi.

Gyara

Yawanci yanke gefe ne, ƙara haske da goge shara a bango, da manhajoji irin su Snapseed.

Saɓani

Gyaran da ya ɓoye rama, ciwo ko lahanin ido ha'inci ne, balle ga dabbar layya da aka shardanta lafiyarta. Wasu na ganin ƙara haske ma ruɗi ne, wasu ba su ga laifinsa ba. Masu saye da yawa kan nemi bidiyon dabbar tana tafiya kafin su tura kuɗi.