Durƙushewar sabon kasuwanci

Durƙushewar sabon kasuwanci ita ce rufe sana'a ko kamfani a shekarunsa na farko, saboda abin da yake shigowa ya kasa ɗaukar abin da yake fita, har jari ya karye ko bashi ya fi ƙarfin mai shi. Ba kowace rufewa ce durƙushewa ba, domin wani sayar da kasuwancin yake yi da riba, wani kuma aiki ya samu ya nannaɗe tabarmarsa babu mai binsa komai.

Alƙaluman hukumar ƙididdigar ayyuka ta Amurka, waɗanda suka daɗe ba su sauya sosai ba, sun nuna cewa kusan 1 cikin 5 na sababbin wuraren kasuwanci ba sa kai ƙarshen shekarar farko, kusan rabi ba sa wuce shekara 5, kuma kimanin 1 cikin 3 ne ke ganin shekara 10. Idan aka tambayi wanda abin ya shafa, sau da yawa amsarsa ita ce: kuɗi ne suka ƙare. Gaskiya ne, amma ƙarewar kuɗi alama ce ta ƙarshe. Ciwon yakan kama tun watanni kafin nan, a wuraren da ake iya aunawa da biro da takarda.

Haja babu mai saye

Babban dalili shi ne a haɗa kaya ko hidimar da mutane ba su matsu da ita har su ciro kuɗi ba. Mai sabon tunani yakan tambayi 'yan uwa da abokai, su kuwa su yaba don kada su karya masa gwiwa, sai ya ɗauki yabon a matsayin ciniki. Shaidar da ake dogaro da ita uku ce: baƙo ya biya, ya ba da kafin alƙalami tun kayan ba su iso ba, ko ya dawo ya sake saye. Saboda haka ake fara gwaji da ɗan kaɗan, a sayar wa mutum 20 ko 30 da ba su san mai kayan ba, a rubuta nawa suka saya, nawa suka dawo, da kuma dalilin waɗanda suka ƙi. Dalilin masu ƙin nan ya fi yabon masu saye amfani.

Yawan jari ba ya maganin wannan. Kamfanin Quibi na gajerun bidiyo a waya ya tara dala biliyan 1.75, ya fara aiki a Afrilun 2020, a watan Oktoba na shekarar ya sanar da rufewa, domin masu biyan kuɗin kallo ba su kai yadda aka yi zato ba.

Farashi da lissafin riba

Nan ne mafi yawan masu farawa suke yaudarar kansu ba tare da sun sani ba. A ɗauka, da kowane irin kuɗi, an saro kaya a 80 ana sayarwa a 100. Ribar guda ɗaya 20 ce. Amma akwai kuɗin dole da ake biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba: haya, albashi, wuta, lasisi, biyan rance. Idan waɗannan sun kai 6,000 a wata, sai a raba 6,000 da 20, a samu 300. Wato sai an sayar da guda 300 kafin a ce ba a ci ba, ba a faɗi ba. A ranakun aiki 26, kusan guda 12 ke nan kullum. Wanda bai san wannan adadi na kasuwancinsa ba, tafiya yake cikin duhu.

Yanzu a duba abin da ragi yake yi. Mai kaya ya ga kasuwa ta yi sanyi, ya sauke farashi daga 100 zuwa 90, yana ganin kashi 10 kawai ya rage. Ribarsa kuwa ta faɗo daga 20 zuwa 10, rabi cif, kuma yanzu guda 600 zai sayar kafin ya biya kuɗin dolen nan. Shi ya sa gasar araha da manyan 'yan kasuwa, masu saro kaya da yawa a farashi mai sauƙi, takan kashe ƙaramin ne.

Kuskure na biyu shi ne barin wasu kuɗaɗe a wajen lissafi: dako, kayan da suka lalace ko suka yi kwantai, cajin banki, haraji, da ladan wahalar mai kasuwancin kansa. Idan ribar ba ta bayyana sai don mai shi yana aiki kyauta, to ba riba ba ce, kuma ranar da ya ɗauki ma'aikaci za ta ɓace.

Riba a littafi, aljihu wayam

Kasuwanci yana iya cin riba kuma ya mutu, idan kuɗin suna hannun mutane ranar da ake bukatarsu. Ana auna wannan da kwanaki. A haɗa kwanakin da kaya ke yi a ajiye kafin a sayar, da kwanakin da masu karɓar bashi ke ɗauka kafin su biya, sannan a cire kwanakin da dillali, wato wanda ake saro kayan a wurinsa, ya ɗaga wa mai kasuwancin ƙafa kafin a biya shi. Kwana 45 a sito, da 30 a hannun masu bashi, a cire 15, ya zama kwana 60 kuɗi na ɗaure.

A misalin baya, sarin guda 300 a wata yana cin 24,000, don haka 48,000 ne a ɗaure kodayaushe. Idan ciniki ya ninka, sai an nemo wani 48,000 ɗin tun kafin a ga ƙarin ribar, wadda 6,000 ce a wata; wata 8 ke nan kafin ta cike gurbin. Wannan ne ya sa wasu ke karyewa daidai lokacin da ake ganin kasuwa ta buɗe musu. Maganin shi ne a yi jadawalin kuɗin shiga da fita na mako 13 masu zuwa, a sabunta shi duk mako, a sa wa kowane mai karɓar bashi iyaka da ranar biya a rubuce, a daina ƙara masa kaya idan ranar ta wuce. Haka kuma a raba kuɗin da ke hannu da giɓin da ake samu duk wata, don a san wata nawa ya rage. Idan bai kai 6 ba, a fara rage kashe kuɗi tun yanzu.

Asusun kasuwanci daban, na gida daban. Mai shi ya yanka wa kansa albashi ya tsaya a kai, domin ɗan cire yau, ɗan cire gobe, shi ne hanyar cin uwar kuɗi mafi shiru.

Faɗaɗawa kafin lokaci

Reshe na biyu, ƙarin ma'aikata da sayen injuna duk suna ƙara kuɗin dole, kuma kuɗin dole ba sa sauka idan ciniki ya sauka. Kamfanin Webvan na kai kaya gida a Amurka ya shirya shiga birane 26 da manyan sito-sito masu injuna tun bai fara cin riba a inda ya soma ba, ya karye a 2001. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce wuri na farko ya riƙe kansa watanni a jere, ko mai shi yana nan ko ba ya nan. Rance mai ruwa kuwa bai dace da gwajin abin da ba a tabbatar ana so ba, tunda biyansa ba ya jiran ciniki.

Dogaro da mai saye ɗaya ko dillali ɗaya ma haɗari ne. Idan mutum guda ne ke kawo rabin ciniki, shi ke riƙe da wuyan kasuwancin.

Abokan haɗin gwiwa

Rigimar abokan tarayya ba ta tashi lokacin da babu komai, sai riba ta zo ko asara ta faɗo. Tun ana shiri ake rubuta abin da kowa ya zuba, kason kowa, aikin kowa, wanda zai sa hannu a fitar da kuɗi, da yadda za a kimanta rabon wanda ya so fita ko ya rasu. Kamfanoni da yawa ba sa mallaka wa mai kafawa kasonsa gaba ɗaya. Sukan raba shi a kan shekara 4, kuma wanda ya fita kafin shekara 1 ba ya samun komai, don kada mutum ya tafi da rabin kamfani bayan aikin wata 3.

A cikin takardar nan ake kuma rubuta iyakar asara: adadin kuɗi da ranar da idan aka kai ba a cimma cinikin da ake bukata ba, za a zauna a sauya farashi, a sauya haja, ko a rufe tun ana iya sallamar ma'aikata da biyan masu bin bashi daga abin da ya rage.