Waiwaye: Sarƙar da ta daɗe tana hana matakalar lantarki lanƙwasa

Muhawara a kan eskaleta mai lanƙwasa, wato matakalar lantarkin da ke hawa tana kewayawa, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Masu zana gine-gine suna sonta don ƙawa, masu biya suna kukan tsada, jama'a kuwa da sun ga an kange ta an rataya allon "ana gyara" sai su ce ai dama kayan ado ce. Tambayar da ake ta nanatawa ita ce me ya hana ta yaɗuwa, alhali miƙaƙƙiyar tana kusan kowace babbar tasha da filin jirgi. Mai son amsa sai ya leƙa ƙarƙashin takun, inda sarƙa take, domin a nan maganar ta cije shekara da shekaru.

Farkon labarin sananne ne. Wani injiniya, Jesse Reno, ya yi rajistar ƙirarsa ta miƙaƙƙiyar eskaleta marar taku a Amurka a 1892, aka kafa ta a wurin shaƙatawa na Coney Island da ke New York a 1896 mutane suna hawa don nishaɗi. Charles Seeberger da kamfanin Otis suka nuna mai taku a baje kolin Paris na 1900. A 1906 aka gwada mai kewayawa a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Holloway Road a Landan, amma ba a taɓa buɗe ta ga fasinjoji ba. An manta da ita a gindin ramin lif har 1988, lokacin da aka tono ragowarta, wadda yanzu ke ajiye a rumbun gidan tarihin sufuri na Landan da ke Acton. Yawancin masu ba da labarin daga nan suke tsallakawa zuwa 1985, shekarar da kamfanin Mitsubishi Electric na Japan ya kafa mai lanƙwasa ta farko da ta yi aiki a Osaka, sai ka ɗauka shekara 79 aka yi ana jiran wani ya sako kuɗi.

Abin da ya cinye shekarun lissafi ne, kuma ya cancanci a zauna a kansa.

A miƙaƙƙiyar eskaleta sarƙa biyu ne ke jan takun, ɗaya dama ɗaya hagu, tsawonsu ɗaya, gudunsu ɗaya, fayafai masu haƙora girma ɗaya ne ke juya su. Da an lanƙwasa hanya sai daidaiton nan ya watse. Sarƙar waje tafiyarta ta fi ta ciki tsawo, don haka dole ta fi ta gudu. Wannan mai sauƙi ne: a ƙara wa faifan waje girma, a yanka takun gefen ciki ya fi na waje tsukewa. Da a ƙasa shimfiɗaɗɗiya ake kewayawa, shi ke nan an gama.

Amma eskaleta hawa take yi. A gangare mai digiri 30, mita ɗaya na sarƙa yana ɗaga mutum santimita 50 sama, gaba kuwa kusan santimita 87 kawai yake kai shi. Wato gudun gaba yana raguwa da zarar an fara hawa. Ga inda gizo ke saƙar: gefen ciki da na waje tsayi ɗaya suke hawa, in ba haka ba takun ya karkace, sai dai na ciki yana hawan ne a gajeriyar hanya, saboda haka gangarensa ya fi tsini, kuma kason gudun da yake asara ya fi na waje. Rabon gudun da aka daidaita tsakanin sarƙoƙin a bakin shiga, inda ƙasa ke kwance, ba shi ne za a tarar a tsakiyar hawa ba. In aka tilasta musu bin da'ira ɗaya mai cibiya ɗaya tun daga ƙasa har sama, wata sarƙa za ta ja, wata ta saki, takun ya murɗe ya cije a jikin bango.

Mafitar da injiniyoyin Japan suka kawo ita ce su haƙura da cibiya ɗaya. Suka bar cibiyar kewayawa tana gusawa mataki-mataki gwargwadon tsinin gangare: a bakin shiga da bakin fita da'irar tana da faɗi, a tsakiyar hawa ta tsuke, a tsakaninsu kuma akwai gaɓoɓin sauyi. Wanda ya tsaya a saman bene ya leƙo zai rantse baka ɗaya yake gani, alhali baka-baka ne aka ɗinke. A ganina wannan shawarar ita ce ainihin ranar haihuwar na'urar, ko da yake ba kasafai ake ambatarta ba, don ba ta fitowa a hoto.

Sauran wahalar daga nan ta biyo. Sarƙar keke fuska ɗaya take lanƙwasawa, in ka matsa mata ta gefe sai ta ƙi ko ta zame. Ta eskaleta mai kewayawa kuwa dole gaɓoɓinta su yarda da sama da ƙasa, su yarda da gefe, su ɗan murɗa. Ga shi kuma duk sarƙar da aka ja a kan lanƙwasa so take ta miƙe, tana fizgar takun zuwa ciki, shi ya sa ake ƙara ƙananan tayoyi da ke dafa layin ƙarfe ta gefe. Layukan kansu lanƙwasarsu ta fuska uku ce, kuma da hannu ƙwararru ke ƙarasa gyara su har kuskuren ya dawo kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Hatta robar dafawa ta dama da ta hagu gudunsu ba ɗaya ba ne.

Bayan Osaka, eskaleta mai lanƙwasa ta isa San Francisco a 1988, daga baya Las Vegas, sannan wani katafaren kanti a Shanghai ya jera guda 12 a 2015. Duk da haka adadinsu a duniya ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da miƙaƙƙu, kuma gudunsu bai kai na waɗancan ba, wajen mita 25 a minti.

Maganar daɗewar gyara ma a sarƙar take komawa. Kowace sarƙa tana ƙara tsawo da shekaru, saboda ƙusoshin gaɓoɓinta suna cinyewa. A miƙaƙƙiya biyun tare suke tsufa, abin ɗamewa da ke ƙasa yana shanye rarar. A mai lanƙwasa nauyin da ke kan ta ciki daban, na kan ta waje daban, don haka ba lallai su ci daidai ba, kuma ɗan bambanci kaɗan ya isa ya karkatar da taku a bakin haƙoran da ke tarbarsa a wurin sauka. Kayanta ba sa shiga na miƙaƙƙiya, masu hannun gyaranta ba su da yawa, sannan in an sauya sarƙa sai an bi gaɓoɓin sauyin nan ɗaya bayan ɗaya an tabbatar takun yana zaune daram kafin a cire shingen.