Jigilar jirgin sama tsakanin Singafo da New York

Tsakanin filin jirgin sama na Changi da ke Singafo da filin John F. Kennedy da ke birnin New York na Amurka akwai tazarar kilomita 15,349, idan aka auna ta bisa mafi gajeren layi a doron ƙasa. Kamfanin Singapore Airlines ne ke jigilar fasinjoji a wannan hanya ba tare da yada zango ba tun daga watan Nuwamba na 2020, kuma ita ce ta fi kowace tsawo a jadawalin jiragen fasinja na duniya. Jirgin yakan shafe awa 18 zuwa 19 a sama.

Kamfanin ya fara haɗa Singafo da yankin New York kai tsaye a 2004, ta filin Newark, wanda tazararsa ba ta gaza ta Kennedy da fiye da kilomita 5 ba. Jirgin wancan lokaci, Airbus A340-500 mai injin huɗu, yana shan mai ƙwarai, kuma da man ya yi tsada sai aka dakatar da jigilar a 2013. An dawo da ita a 2018 da A350-900ULR mai injin biyu, wanda tankinsa ke ɗaukar lita 165,000. Kujerunsa 161 ne kacal, babu kuma ajin masu tikiti mafi araha a ciki, saboda duk wani nauyin da aka ƙara yana rage nisan da jirgin zai iya kaiwa.

Tazarar da ke rubuce ba ita ce jirgin ke ci a zahiri ba. Mafi gajeren layin ya ratsa ta kusa da ƙuryar arewacin duniya, amma ba kasafai matuƙa ke bin sa ba, domin a can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, kuma jirgin da ya samu tana tura shi daga baya yakan riga wanda ya yanke hanya yana kokawa da ita isa. Shi ya sa idan an tashi daga Singafo akan bi ta gefen Japan, a haye tekun Pasifik, a ɓulla ta Alaska da Kanada. A dawowa kuwa, sau da yawa jirgin yakan ci gaba da fuskantar gabas, ya tsallaka tekun Atlantika, ya ratsa Turai da Asiya, ta yadda zuwa da komowar ke zama zagayen duniya guda. Nisan da ake ci ta haka yakan haura kilomita 16,000, kuma a kowace rana sai an duba hasashen iska kafin a tsayar da hanya.

Matuƙa huɗu ne ke karɓa-karɓar tuƙi, biyu na aiki biyu na hutawa a ɗakin kwana da aka keɓe musu. Agogon Singafo yana gaba da na New York da awa 12 a lokacin zafin Amurka, 13 a lokacin sanyi, don haka fasinjan da ya tashi daga Changi da tsakar rana yakan sauka a Kennedy da yammacin wannan rana.