Daular Songhai a zamanin Askiyawa

Daular Songhai na daga cikin manyan daulolin da aka taɓa yi a yammacin Afirka. Babban birninta shi ne Gawo, a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Mali ta yau. Ta yi tashe daga 1464 zuwa 1591.

Sonni Ali ne ya faɗaɗa ta, da dawakai a tudu da rundunar kwale-kwale a ruwa. Ya ci Tumbutu wajen 1468, daga baya ya ci Jenne bayan ya daɗe yana tsare da ita. Sai dai bai yi jituwa da malaman Tumbutu ba. Ya kashe wasu, wasu kuma suka yi hijira zuwa Walata, shi ya sa littattafan tarihin garin suke kiransa azzalumi. Da ya rasu a 1492 ɗansa Sonni Baru ya gaje shi, amma a 1493 wani babban jarumin fada, Muhammadu Ture, ya ci shi da yaƙi a Anfao ya hau gado da laƙabin Askiya.

Askiya Muhammadu ba ɗan gidan sarautar ba ne, da takobi ya samu mulki, don haka sai ya nemi halaccinsa wajen malamai da fatake. A 1496 ya kama hanyar Makka. Littafin tarihin Tumbutu mai suna Tarikh al-Sudan ya ce Askiya ya tafi da miskali 300,000 na zinariya, ya raba sulusinsu sadaka a Makka da Madina. Ya gana da Jalaluddin Suyuɗi a Alƙahira, ya kuma komo da laƙabin halifan ƙasar Tukururu, wato ƙasashen Musulmin yammacin Afirka.

Mafi tasiri a kan wannan duka shi ne zamansa da Shehu Muhammadu al-Maghili, wanda ya iso Gawo bayan ya zauna a Kano wajen Sarki Muhammadu Rumfa. Askiya ya jera masa tambayoyi, kuma duk wanda ya karanta su zai ga abin da ke hana sarkin barci. Shin Sonni Ali Musulmi ne? Mene ne hukuncin dukiyar da ya ƙwace? Yaya za a yi da malaman da ke sayar da fatawa? Tambayoyin sun gangara har cikin kasuwa: mai tauye mudu, da mai sikeli biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, da mai gauraya zinariya da tagulla. Al-Maghili ya yanke cewa Sonni Ali ya fita daga Musulunci, hukuncin da ya halatta juyin mulkin 1493. Bayan shekaru ɗari uku Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa hujja da waɗannan amsoshi a kan sarakunan Hausa.

Ba abin mamaki ba ne sarki ya damu da mudu, tunda kasuwa ce ke ciyar da fada. Raƙuma kan ɗauko allunan gishiri daga Taghaza, can tsakiyar Sahara, inda hatta gidaje da masallaci da gishirin aka gina su. A Tumbutu sai a sauke kayan, a loda su cikin kwale-kwale a tashar Kabara zuwa Jenne. Daga nan fatake Wangarawa ke farfasa gishirin, 'yan dako su ɗauka a ka zuwa kudu, a komo da zinariya da goro. Daga arewa kuma ana shigo da dawakai, tufafi, tagulla da littattafai. Akwai kuma bayi, waɗanda ake kamowa a yaƙi, wasu a tura su ƙetaren hamada, wasu su yi ta noman shinkafa a gandayen sarki da ke gefen kogi. Arzikin daular da guminsu aka tara shi.

Wajen mulki, Askiya ya raba ƙasa ga hakimai. Mafi girmansu Kurmina-fari, mai riƙe da yamma daga Tendirma, sarautar da ya ba ɗan'uwansa Umaru. Hi-koi shi ne sarkin jiragen ruwa. Tumbutu kuwa kusan a hannun alƙalinta take, Mahmudu ɗan Umaru na gidan Aƙit.

Ta gabas, Askiya ya kai yaƙi Agadas, kuma rigimar rabon ganimar wannan yaƙi ce ta sa Kanta na Kabi ya ɓalle wajen 1516, aka kasa maido shi.

Raunin daular yana wajen gadon sarauta. Askiya ya tsufa ya makance, ɗansa Musa ya tuɓe shi, 'yan'uwa suka yi ta kokawa a kan gadon. Askiya Muhammadu ya rasu a 1538, kabarinsa na laka yana nan tsaye a Gawo. An samu natsuwa zamanin Askiya Dawuda, wanda ya hau a 1549 ya yi fiye da shekara talatin.

Gishirin Taghaza da zinariyar kudu su suka jawo hankalin sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur. Ya aiko Judar Basha da 'yan bindiga, suka haɗu da rundunar Askiya Ishaƙa na biyu a Tondibi a 1591. Songhai sun koro garken shanu a gaba don su tattake abokan gaba, amma ƙarar bindiga ta juyo da shanun kansu. Ragowar Askiyawa suka janye kudu zuwa Dendi, wajen iyakar Nijar da Benin ta yau. A 1594 aka kwashe malaman Tumbutu zuwa Marrakesh, cikinsu har da Ahmad Baba, wanda bai sake ganin garinsu ba sai 1608.