Idan kamfanonin jirage biyu suka haɗe, wane matuƙi ne gaba da wani?

Ɗan yayata da ke karatu a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ya zo hutu Katsina. Muna zaune a ƙofar gida bayan Isha'i sai ya ce, "Kawu, ka san matuƙa sun fi tsoron haɗewar kamfani a kan hadari?" Daga nan tambayoyi suka ɓarke a majalisar. Ga waɗanda suka fi tsaya mini a rai.

Mene ne jerin girma, kuma me ya sa ake ta da jijiyar wuya a kansa?

A manyan kamfanonin jirage, musamman na Amurka, ranar da aka ɗauki matuƙi aiki ake ba shi lamba a jerin girma, wato jerin matuƙan kamfanin bisa daɗewarsu a aiki. Wannan lambar ita ce kusan komai nasa. Ita ke nuna lokacin da zai tashi daga kujerar dama ta mataimaki ya koma ta hagu ya zama kyaftin. Ita ke nuna ko babban jirgi mai ƙetare teku zai tuƙa, inda albashi ya fi tsoka, ko ƙarami mai zirga-zirgar cikin gida. Garin da zai zauna, ranakun hutunsa, ko zai yi Sallah da iyalinsa ko yana sama, duk lambar ce. In kuma kasuwa ta karye aka fara dakatar da ma'aikata, daga ƙasan jerin ake somawa.

To idan bai ji daɗin wurin ba, ba sai ya koma wani kamfani ba?

Zai iya, amma lambar ba ta bin sa. Kyaftin mai shekara ashirin a sama, in ya sauya kamfani, ƙasan layi zai koma. Ga shi kuma a shekara 65 ake ajiye tuƙin jiragen fasinja, don haka shekarar da ta kuɓuce ba ta dawowa.

Me zai hana a bi ranar ɗaukar aiki kawai, kowa ya huta?

Wani dattijon direba a majalisar ne ya yi wannan tambayar, kuma shi ya ba kansa amsa. Ya ce a ɗauka an haɗe tashar mota biyu ta masu zuwa Daura. Ta farko tsofaffin direbobi ne amma fasinja ya ƙaurace musu, wasu ma sun jingine motocinsu. Ta biyu yara ne sababbin shiga, amma kullum cikin lodi suke. In aka ce a bi daɗewa, wanda ke kan lodi yau zai koma bayan mutumin da motarsa ta yi wata shida a gareji. In aka ce a bi wanda ke aiki, an zubar da furfurar mutane.

Abin da ya faru ke nan lokacin da kamfanonin jirage biyu na Amurka, America West da US Airways, suka haɗe a 2005. Matuƙan US Airways sun fi daɗewa nesa ba kusa ba, amma kamfaninsu ya durƙushe har sau biyu, kuma da yawansu suna zaune a gida. Su suka dage a bi ranar ɗaukar aiki. Na America West suka ce ba za su ba da kujerunsu ga waɗanda aka ceto ba. A 2007 mai sasanci George Nicolau ya yanke hukunci: ya sa wasu manyan matuƙan US Airways a sahun farko, ya cakuɗa sauran, ya ajiye waɗanda aka dakatar a ƙasa. Na US Airways suka ƙi yarda. Da yake sun fi yawa, a 2008 suka yi ƙuri'a suka fice daga ALPA, babbar ƙungiyar matuƙan jirage ta Amurka, suka kafa tasu mai suna USAPA. Aka yi ta shari'a, jirage fenti ɗaya amma matuƙa gida biyu. Sai a 2016, bayan American Airlines ta haɗe da su duka a 2013, aka samu jeri guda.

Waɗanne hanyoyi ake bi?

Akwai bin ranar ɗaukar aiki. Akwai saƙa jerin biyu bisa yawan kowane ɓangare, misali biyu daga nan ɗaya daga can. Akwai raba mutane rukuni-rukuni, kyaftin na babban jirgi da takwarorinsa, mataimaka da mataimaka, sannan a saƙa su a cikin rukunin. Kusan haka aka yi wa matuƙan kamfanonin Delta da Northwest da suka haɗe a 2008. Wani lokaci a kan kafa shinge na 'yan shekaru, a ce wasu jirage ko wani gari na ɓangare ɗaya ne kafin a buɗe wa kowa. Ta ƙarshe ita ce a ɗauki jerin kamfanin da aka saya a liƙa shi a gindin na mai saye.

An taɓa yin wannan ta ƙarshen?

An yi, kuma ni ban ga sunan da za a ba ta ba sai zalunci. Da American ta sayi kamfanin jirage na TWA a 2001, an jera wani kaso mai yawa na matuƙan TWA a ƙasa. Watanni kaɗan bayan sayen aka kai harin 11 ga Satumba a Amurka, tafiye-tafiye suka ragu, sallama ta fara ta kansu. Mutum ya yi shekaru yana tuƙi, ya wayi gari a bayan wanda aka ɗauka jiya. Wannan ne ya sa sanatoci biyu na jihar Mizuri, inda TWA ke da babban sansaninta, Claire McCaskill da Kit Bond, suka kawo dokar da aka zartar a ƙarshen 2007. Ta wajabta a haɗa jeri bisa adalci, in an kasa daidaitawa a tafi gaban mai sasanci.

Mu da ke nan, ina ruwanmu?

Yaranmu ne ke shiga aikin. Duk wanda ya raka alhazai filin jirgin Umaru Musa Yar'adua ya ga yadda yara ke leƙen matuƙa da sha'awa. A Najeriya mun fi sabawa da rushewar kamfani a kan haɗewa, kamar yadda Nigeria Airways ta mutu a 2003, kuma dokar Amurka ba ta hau kanmu ba. Shi ya sa na ce wa ɗan yayata, ranar da aka miƙo masa takardar ɗaukar aiki, kafin ya duba albashi ya nemi sakin layin da ya yi maganar jerin girma, ya kuma tambayi wakilin NAAPE, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirage ta Najeriya, abin da aka rubuta game da ranar da kamfanin zai sauya hannu. Ya ciro waya ya rubuta.